Lasin Tuƙi da Rajistar Mota ga Mazauna Kan Iyakar Nijeriya da Nijar

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce ta bayyana ƙa'idojin da suka shafi lasin tuƙi da rajistar mota ga mutumin da harkokin rayuwarsa suka ratsa iyakar ƙasa biyu. An zaɓi iyakar Nijeriya da Jamhuriyar Nijar don ta zama abin misali, domin a nan ne al'umma ɗaya, mai harshe ɗaya da kasuwanni ɗaya da auratayya, ta samu kanta ƙarƙashin tsarin doka iri biyu. Za a fara da taƙaitaccen tarihi, sa'an nan a dubi takardu uku da kowane mai mota yake riƙewa, watau lasin, da rajista, da inshora. Daga nan za a kawo sauyin da aka samu daga shekarar 2023, a rufe da shawarwari.

Abin da takardar take son tabbatarwa shi ne, dukkan waɗannan ƙa'idoji sun rataya ne a kan tambaya guda: ina ne mazaunin mutum? Waɗanda suka tsara su sun ɗauka cewa kowa yana da gida ɗaya a ƙasa ɗaya, in ya fita ya zama baƙo, in ya gama abin da ya kai shi ya komo. To, mutumin Jibiya da na Ɗan Isa ba haka rayuwarsu take ba, kuma daga wannan saɓani ne yawancin matsalolinsu suke tasowa.

2.0 Yadda Tsari Biyu Suka Samu

Iyakar da ake magana a kanta tana da tsawon kimanin kilomita 1,500. Ingila da Faransa ne suka shata ta, ta hanyar yarjejeniyoyin 1890 da 1898 da 1904 da 1906, sa'an nan kwamitin Tilho da O'Shee ya bi ta yana kakkafa alamu tsakanin 1906 da 1908. A yau jihohi bakwai na Nijeriya ne suke kanta, watau Kebbi da Sakkwato da Zamfara da Katsina da Jigawa da Yobe da Barno. A ɗaya gefen kuma akwai jihohin Doso da Tawa da Maraɗi da Damagaram da Difa. Manyan ƙofofin da motoci suke bi sun haɗa da Kamba zuwa Gaya, da Illela zuwa Birnin Ƙwanni, da Jibiya zuwa Ɗan Isa, da Kwangwalam, da Maigatari.

Da mota ta shigo, kowane ɓangare sai ya gaji dokar wanda ya mallake shi. Bambancin ya kai har ga hannun da ake bi a titi. Nijeriya tana bin hagu irin na Ingila, maƙwabtanta kuwa duk suna bin dama, har ranar 2 ga Afrilu 1972 da ta koma dama. Gana ma ta yi haka a 1974. Wannan sauyi ya daidaita yadda ake tuƙi, amma bai taɓa takardu ba. Shi ya sa har yanzu direban Nijeriya yake cewa lasin da kwastan, takwaransa na Nijar yana cewa parmi da duwan, kuma bayan kowace kalma akwai ofishi dabam da doka dabam.

3.0 Lasin Tuƙi

Lasin shaida ce da hukuma take bayarwa cewa ta jarraba mutum ta gamsu ya iya sarrafa wani rukuni na abin hawa. Watau lasin na mutum ne, yana biye da shi duk motar da ya shiga. A Nijeriya hukumomi uku ne suke tarayya wajen bayar da shi: ofishin jami'an duba motoci na jiha shi ke jarraba mai nema, hukumar tara haraji ta jiha ita ke karɓar kuɗi, Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ita ke ɗaukar bayanai ta buga katin. Tilas mai nema ya kai shekara 18, kuma daga ƙarshen 2020 an shardanta masa kawo lambar shaidar zama ɗan ƙasa. A Nijar kuwa al'amarin yana hannun ma'aikatar sufuri, an kuma kasa lasin rukuni-rukuni bisa tsarin da aka gada daga Faransa.

Tambaya a nan ita ce, me ya sa jandarma a Maraɗi zai karɓi katin da aka buga a wata ƙasa? Amsar tana cikin yarjejeniyoyin zirga-zirgar motoci na duniya. Akwai ta Faris ta 1926, da ta Janiba ta 1949, da ta Biyana ta 1968. Nijar ta shiga ta Biyana a 1975, Nijeriya kuma a 2018. Abubuwa uku ne ya kamata a lura da su a cikin wannan yarjejeniya.

Na farko, ƙasashen da suka shiga sun amince su karɓi lasin juna, amma suna da ikon ƙin karɓar na wanda bai kai shekara 18 ba, haka kuma na direban babbar mota ko motar fasinja wanda bai kai 21 ba.

Na biyu, takardar nan da ake kira lasin ƙasa da ƙasa ba ta tsayawa da ƙafarta. Fassara ce ta lasin gida cikin harsuna da yawa, sai an haɗa ta da shi take aiki, kuma ba ta aiki a ƙasar da ta bayar da ita. Wadda aka bayar bisa yarjejeniyar 1949 shekara ɗaya take yi, ta 1968 kuwa ba ta wuce shekara uku ba. Mutane da yawa sukan ɗauka duk wanda ya mallake ta ya huta ke nan a ko'ina cikin duniya, alhali in lasin gida ya mutu ita ma ta mutu.

Na uku, wanda shi ne mafi muhimmanci ga wannan takarda, wajibcin karɓar lasin wata ƙasa yana ƙarewa ne daga ranar da mai shi ya mayar da sabuwar ƙasar mazauninsa. Daga nan ya shiga ƙarƙashin dokar gida, kuma hukuma tana da ikon ta ce ya musanya lasinsa ko ya sake jarrabawa. A Ingila, alal misali, wanda ya tare da lasin wata ƙasa ta nesa wata goma sha biyu ake ba shi. A lura, ba a tambayi ɗan wace ƙasa ne ba. Ɗan Nijeriya da ya tare a Damagaram da iyalinsa mazaunin Nijar ne a idon wannan doka, ko da fasfonsa kore ne.

4.0 Rajistar Mota

Rajista kuwa ta mota ce, kuma tana amsa tambayoyi uku: ta wa ce, an biya mata kuɗin fito, wace hukuma ce za ta karɓi harajinta. A Nijeriya jiha ce take yin rajista bisa tsarin lamba na bai ɗaya da aka soma a 1992 aka sabunta a 2011, inda haruffa uku suke nuna ƙaramar hukumar da aka yi rajistar. A Nijar takardar mallaka ita ce wadda ake kira kart giriz, watau kati mai ruwan toka. Kowace ƙasa tana da alamar da ake gane motocinta da ita a waje: RN ga Nijar, WAN ga Nijeriya tun zamanin mulkin Ingila.

Bisa ga yarjejeniyar Biyana, sai mota ta cika sharuɗɗa uku ake ɗaukar ta baƙuwa mai wucewa: mai ita mazaunin wata ƙasa ne, ba a yi mata rajista a ƙasar da ta shigo ba, kuma an shigo da ita ne na ɗan lokaci. An ba kowace ƙasa damar ta janye wannan matsayi daga motar da ta shekara a cikinta ba tare da ta fita na wani lokaci mai tsawo ba.

Ƙasashen Afirka ta Yamma sun ƙara nasu tsari a kan wannan. Bayan kafa ƙungiyar ECOWAS, ko CEDEAO, a Legas ranar 28 ga Mayu 1975, sai aka sa hannu a yarjejeniyar 'yancin zirga-zirga a Dakar ranar 29 ga Mayu 1979. Ita ce ta ba ɗan ƙasar ƙungiya damar shiga wata ƙasar ba biza har kwana 90. Ta kuma tanadi cewa motar shiga ta kai tana iya yin kwana 90, in an nuna abu huɗu: lasin mai rai, da takardar mallaka, da inshorar da ƙasashen suka amince da ita, da takardar kwastan. Motar haya mai ɗauke da fasinja kwana 15 aka ba ta, aka kuma hana ta yin haya a cikin ƙasar da ta baƙunta. Watau direban da ya kawo fasinja daga Katsina ba shi da izinin ya tsaya yana jigila tsakanin Maraɗi da Tasawa.

Dalilin wannan tsauri kuɗin fito ne. Motar da ta shigo a matsayin baƙuwa ba a biya mata fito ba, saboda haka takardar wucin gadi da kwastan ko duwan suke bayarwa alkawari ce cewa za ta fita yadda ta shigo. In wa'adi ya cika ba ta fita ba, ko aka sayar da ita ga ɗan gari, to a idon hukuma ta zama kayan fasa-ƙwabri, ko da mai ita bai nufi haka ba. Abin da ya ƙara tsananta al'amarin shi ne tsohuwar hanyar nan ta motocin Kwatano, waɗanda akan shigar Nijar sa'an nan a ratso da su Nijeriya. Don toshe irin wannan ne gwamnatin Nijeriya ta hana shigo da motocin sayarwa ta kan tudu daga 1 ga Janairu 2017. Sakamakon haka, jami'in da ya ga mota mai lambar waje tana yawan kai da kawowa, zato yake fara yi kafin ya karanta takarda.

5.0 Inshora

A cikin takardun uku, inshora ce aka fi rainawa, kuma ita ce rashinta ya fi ciwo. Ita dai ba don direba aka wajabta ta ba, don wanda za a buge ne. Nijeriya ta wajabta inshorar kare haƙƙin wani tun dokar 1945. Nijar kuwa tana bin dokar inshora ta bai ɗaya ta ƙasashen da suka sa hannu a yarjejeniyar Yawunde ta 1992, wadda aka fi sani da CIMA. Asali, takardar kowace ƙasa iyakarta bakin iyaka.

Don cike wannan giɓi ne aka ƙirƙiro Kati Mai Ruwan Ƙasa na ECOWAS, a yarjejeniyar Kwatano ta 29 ga Mayu 1982, bisa koyi da Koren Kati na Turai. An tsara kowace ƙasa ta kafa ofishi na ƙasa, babbar sakatariya tana Lome. In motar wata ƙasa ta yi haɗari, ofishin ƙasar da abin ya faru shi ke bin al'amarin a biya wanda aka yi wa ɓarna bisa dokar wurin, daga baya ya nemi kuɗinsa daga ɓangaren da ya bayar da katin. Katin ba ya gyara motar mai ita, haƙƙin wani kawai yake ɗauka. Daga 1 ga Janairu 2023 hukumar kula da inshora ta Nijeriya ta ɗaga kuɗin inshorar motar shiga daga naira 5,000 zuwa naira 15,000, ta haɗa da wannan kati a ciki.

Abin lura a nan shi ne yadda takardun suke riƙe da juna. Kamfanin inshora yana ɗaukar nauyi ne bisa bayanin da aka ba shi, da sharaɗin cewa mai tuƙi yana da lasin da doka ta yarda da shi. In haɗari ya auku, aka bincika aka tarar mai motar ya daɗe da tarewa a ƙasar, lasinsa bai halatta masa tuƙi ba, wa'adin motar kuma ya wuce, to an buɗe ƙofar jayayya. A irin wannan hali mota tana tsare, direba yana hannun hukuma, iyalin wanda aka buge suna jiran diyya.

6.0 Matsalar Mazauni

Hausawa sun ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Haka doka ta kasa mutane gida biyu, ta sassauta wa baƙo don ta san zai wuce, ta ɗora wa ɗan gari haraji da jarrabawa don ta san yana nan. Bari mu ɗauki misalai uku mu ga inda wannan rabo ya gaza.

A ɗauka ga ɗan kasuwa mai gida a Illela da rumfa a Birnin Ƙwanni, kullum ya tsallaka da safe ya komo da magariba. Motarsa ba ta taɓa yin kwana 90 a waje ba, amma in aka lissafa wuninta za a tarar ta fi daɗewa a Nijar. Ga kuma ɗalibi daga Tawa da ya zo karatu Sakkwato na shekara huɗu da motar mahaifinsa. Sai na uku, magidanci mai mata biyu, ɗaya a Jibiya ɗaya a Ɗan Isa, yana raba kwana kamar yadda shari'a ta ce.

Tarayyar Turai ta fuskanci irin wannan, ta kuma yanke a dokokinta na lasin tuƙi na 1991 da 2006 cewa mazaunin mutum shi ne inda yake yin aƙalla kwana 185 a shekara. In wurin aikinsa dabam ne da inda iyalinsa suke, to mazauninsa shi ne wurin iyali, muddin yana komawa a kai a kai. Zuwa makaranta ko jami'a ba ya sauya mazauni. An kuma hana mutum riƙe lasin fiye da ɗaya. Da wannan ma'auni ɗan kasuwarmu mazaunin Nijeriya ne, ɗalibin kuma mazaunin Nijar ne. Amma na ukun ya gagari ma'aunin, domin iyalinsa suna gefe biyu, kwanansa kuma a rabe yake daidai. Wannan ya nuna cewa ko za a yi aro, tilas a yi gyara daidai da zamantakewar wurin.

Inda doka ba ta fayyace ba, mutane sukan nema wa kansu mafita. Wani ya yanki lasin biyu, wani ya yi rajista da sunan ɗan'uwansa na ƙetare, wani ya bar titi ya bi ta daji, musamman masu babura. Kowace dabara tana da nata haɗari. Mai lasin biyu in an karɓe ɗaya saboda ganganci sai ya ci gaba da ɗayan, watau hukunci ya tashi a banza. Wanda ya sa sunan ɗan'uwa kuwa, ranar da ɗan'uwan ya rasu mota ta shiga cikin gado, ba shi da takardar da zai nuna. Daɗin daɗawa, rashin tabbas shi ne abincin mai karɓar na goro, domin direban da bai san haƙƙinsa ba ba ya iya musu a shinge.

7.0 Sauyin da Aka Samu Daga 2023

An sha rufe wannan iyaka: daga 1984 zuwa 1986, da kuma daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 a Yamai an sake rufe ta, sai a Maris 2024 aka buɗe. Amma abin da ya fi waɗannan tasiri ga batunmu shi ne ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ECOWAS, wadda suka sanar ranar 28 ga Janairu 2024, ta kuma tabbata ranar 29 ga Janairu 2025.

A Disamba 2024 ƙasashen uku sun sanar cewa 'yan ƙasashen ECOWAS za su ci gaba da shiga ba biza, motocinsu ma za su shiga bisa dokokin da ake da su. Ita ma ECOWAS, a ranar da ficewar ta tabbata, ta umurci membobinta su ci gaba da karɓar fasfo da katin shaida masu tambarinta daga waɗannan ƙasashe, har zuwa wani sabon umurni. Ke nan damar da a da take tsaye bisa yarjejeniyar da ƙasashe suka sa wa hannu ta koma tsayawa bisa sanarwa, sanarwa kuwa ana iya janye ta da wata sanarwar. Yarjejeniyar Biyana ita ce wannan sauyi bai taɓa ba, domin ta Majalisar Ɗinkin Duniya ce.

8.0 Shawarwari

Bisa ga abin da ya gabata, ana ba da waɗannan shawarwari:

(a) Ƙasashen biyu su ƙulla yarjejeniya ta tsakaninsu a kan lasin da rajista da inshora. Akwai inuwar da za a yi wannan a ƙarƙashinta, watau Hukumar Haɗin Gwiwa ta Nijeriya da Nijar da aka kafa a 1971, mai hedkwata a Yamai, wadda ta girmi ECOWAS kanta.

(b) A fayyace ma'anar mazauni a rubuce, a kuma ba wanda iyalinsa suke gefe biyu damar ya zaɓi ɗaya ya rubuta a gaban hukuma, lasinsa da rajistarsa su bi wannan zaɓi.

(c) A fito da takarda ta musamman ta shekara guda ga motoci da baburan mazauna garuruwan da ke kusa da iyaka, bisa shaidar hakimi ko dagaci, don a raba su da motocin sayarwa.

(d) A buɗe hanyar musanya lasin ba tare da sake jarrabawa ba, a riƙa karɓe tsohon ana mayar wa ƙasar da ta bayar da shi.

(e) A fassara waɗannan ƙa'idoji da Hausa, a boko da ajami, a liƙa a tashoshin mota da ƙofofin iyaka, a kuma karanta su a rediyo. Wannan aiki ne da ya hau kan sassan Hausa na jami'o'i da kwalejojin ilimi, domin dokar tana rubuce da Ingilishi da Faransanci, wanda za ta hau kansa kuwa da Hausa yake magana.

9.0 Kammalawa

A wannan takarda an yi ƙoƙarin nuna cewa lasin yana bin mutum, rajista tana bin mota da harajinta, inshora kuma tana kare wanda aka yi wa ɓarna, sa'an nan dukkansu ukun suna komawa ga mazauni. An ga cewa yarjejeniyoyin 1968 da 1979 da 1982 sun biya wa matafiyi bukata gwargwado, amma ba su yi tanadi ga wanda tsallaka iyaka ya zame masa harkar kullum ba. Kafin hukumomi su gyara, abin da ya kamaci mai mota shi ne ya tsayar da mazauni ɗaya, ya sa lasinsa da rajistarsa da inshorarsa duk su fito daga can da sunansa, ya kuma kiyaye ranar da wa'adin takardar kwastan zai cika. Ana fata masu nazarin shari'a da na zamantakewa za su faɗaɗa bincike a kan wannan batu, musamman abin da ya shafi babura, waɗanda su ne abin hawan talakan kan iyaka.